Keken da Na Zaɓa wa Malam da Hannuna

Oudenaarde,
Laraba, 11 ga Disamba.

Zuwa ga Yayata, Hajiya Kubura,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayarta, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? An ce mini har yanzu a zaune kike salla. Allah ya sa kaffara ce, ya kawo sauƙi na nan kusa. Mu ma nan sai godiya. Sanyi ya shigo da ruwansa, yau kwana goma sha biyu ban sa rana a idona ba, wanki ma a tsakar ɗaki yake bushewa. 'Yarmu Zulai tana can birnin Gent, karatun jinya ya yi nisa, takan zo ƙarshen mako ta share mana tukunya ta koma.

Yaya, na san labari ya riga takardata isa Malumfashi. Na san kun ji muryar maigidana Malam a wayar ƙaninsa Alhaji Sale, yana cewa maƙwabcinmu ya ba shi keke mai mugun nufi don ya halaka shi. Faɗuwar gaskiya ce, karayar ma gaskiya ce, ƙashin nan da ya haɗa wuya da kafaɗa ne ya karye a gefen dama, kuma yana samun sauƙi. Amma sauran maganar ba haka take ba, kuma ni ce na san yadda take. Na zaɓi in rubuta ne don in na fara a waya kuka ke cin ƙarfina, sannan ina so a sami abin riƙewa a hannu a karanta wa mutane. Sunan wani tsoho ne ya ɓaci a bakin danginmu ba da haƙƙinsa ba, kuma ba zan iya barci a kan hakan ba.

Kin san Achiel da matarsa Godelieve ko da a baki, su ne suka aiko miki da cakulan shekarar da na zo bikin Hadiza. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu. Godelieve ce ta sayi tukunya daban, wadda naman da ba ma ci bai taɓa shiga ba, don kawai ta riƙa miƙo mana miyar ganye ta saman katanga. Shi kuwa Achiel bakinsa ba ya shiru, in bai tsokani mutum ba abinci ba ya faɗa masa. Ni Hanna yake ce mini, Malam kuwa Sarkin Jiran Bas. 'Yarsu ɗaya ce a duniya, Veerle, wadda ta yi suna a tseren keke na cikin taɓo da ake yi a nan duk lokacin sanyi, har ciwo ya ɗauke ta shekara shida da suka wuce. Masu wannan tseren kekuna biyu suke da su iri ɗaya sak. Ana kan ɗaya taɓo ya cika shi, sai a jefar wa mai jira a bakin fili a cafe ɗayan, shi kuma ya wanke wancan da sauri kafin a zagayo. Achiel ne mai yi wa 'yarsa wankin nan tun tana yarinya. Tun da ta rasu kekunan biyu suke rataye a garejinsa, ba mai taɓa su.

To, a watan Oktoba aka soke bas ɗin da ke kai su Malam masana'antar kafet. Hanyar in da keke ne ba nisa, amma iri uku ce: kwalta, sai daɓen duwatsu, sai ta gefen gonaki inda ruwa ke kwanciya. Ya gwada tsohon kekensa na cikin gari, ya dawo wujiga-wujiga, ya ce rabin hanya shi ya ɗauki keken, ba keken ya ɗauke shi ba. Ya je shago, mai shago ya jera masa kekuna yana ta bayani, wannan na kwalta ne, wancan na dutse ne, har kansa ya ɗaure ya fito bai zaɓi komai ba. Yana ba ni labari a bayan gida sai ga kan Achiel ta saman katanga. Ya ce wai Sarkin Jiran Bas an tuɓe shi daga sarauta ke nan, tun da bas ɗin ma ya gudu ya bar shi. Ya ce duk surutun mai shago banza ne, hanyar nan keken tseren taɓo take so, mara nauyi, mai taya mai haƙora, wanda laka ba ta shaƙe shi, in an zo inda ruwa ya yanke hanya a saɓa shi a kafaɗa a tsallake. Ya ce in aka sa masa madugadi da ƙararrawa, zai kai mutum aiki, ya kai shi kasuwa, ya kai shi masallacinsa ranar Juma'a. Malam ya ce ina zai ga irin wannan. Sai tsohon ya ce akwai biyu a rataye suna cin ƙura, zai ba shi ɗaya.  Malam ya ƙi, ya sake ƙi, Achiel ya ce in ya ƙi na uku zai jefo masa shi ta katanga. Ya ƙara da cewa sharaɗinsa ɗaya ne, in Malam zai karya wuyansa ya karya, amma kada ya ƙuje masa fenti. Duk muka yi dariya. Ki riƙe maganar nan, za ta dawo.

Ranar Litinin aka kwantar da Achiel a asibiti don aikin ƙugu da ya daɗe yana jira, daga nan kuma za a riƙe shi mako biyu yana koyon tafiya. Ranar Talata Malam yana wurin aiki Godelieve ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta ce tsohon ya buga waya yana faɗa, wai me ake jira ba a ɗauki keken ba. Ta buɗe mini garejin ta tsaya daga waje. Ta ce in yi haƙuri, ita tun rasuwar Veerle ba ta taka cikin ɗakin nan ba, kuma ko da can ba ta iya bambanta tagwayen nan, in shiga in zaɓa. Na shiga da bismilla. Duka biyun shuɗaye ne, tsayinsu ɗaya. Amma na dama yana ta ƙyalli, an naɗe ƙahonsa da sabon ƙyalle fari, tayoyinsa sababbi. Na hagu kuwa duk ƙujewa, naɗin ƙahonsa ya yi baƙi, ga busasshen taɓo a ƙarƙashin sirdi da tsakanin kaca. Yaya, ke kin san tarbiyyar Inna, Allah ya jiƙanta. In an ce ki zaɓa cikin kayan mutum, ba kya kai hannu kan mai kyan. Na ce a raina wannan mai ƙyallin shi ne suke gogewa suna tuna 'yarsu da shi. Ko kallon kirki ban yi masa ba, na kawar da kai don kada Godelieve ta ga kamar na ƙwallafa rai. Na sauko da mai ƙujewar, na turo shi gida ina jin na yi abin da ya dace. Na dafa ruwa, na samo tsohon buroshin haƙori, na zauna na wanke shi tas, lungu da saƙo, har Malam ya dawo ya ce kamar daga shago.

Kwana takwas yana hawansa yana yabo. Ya ce ba shi da nauyi ko na tsuntsu, har ya fara riga abokan aikinsa isa. Ranar Alhamis da safe ina fere dankali waya ta yi ƙara, wata mata da ban sani ba ta tambaya ko ni ce matar mai shuɗin keke. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wuƙar ma ban san inda ta faɗi ba. A gangaren nan na bayan coci ne, inda daɓen duwatsu yake, an kwana ana ruwa. Tarakta ta fito daga gona, Malam ya damƙe birkin hannun dama da ƙarfinsa, don kowa a ƙasar nan ya san na dama shi ne na baya. Sai tayar gaba ta ƙame, keken ya tashi da shi ya wurga shi ta saman ƙaho. Hular kwanon da Zulai ta matsa masa ya riƙa sawa ta tsage gida biyu. Da idona na gan ta a asibiti a kan kujera.

Washegari Tanimu ya zo dubiya, wani ɗan ƙasarmu da suke aiki tare. Shi ya ɗauko keken daga gidan manomi mai taraktar. Ya ce mu fito mu gani da idonmu. Ya matsa na dama, gaba ta kama. Ya matsa na hagu, baya ta kama. Ya ce wannan ba lalacewa ba ce, hannu ne ya zauna ya sauya wayoyin. Ya ce Malam ya cika yarda da mutane, wai wa ya taɓa ganin an ba baƙo keke irin wannan a banza. Malam yana cikin zafin ciwo, ga magani na juya masa kai, sai ya tuno maganar karya wuya da ƙuje fenti. Na ga fuskarsa ta canja. Na ce Malam a bi a hankali, shekara goma sha tara ba kwana goma sha tara ba ce. Ya ce in yi masa shiru. A ranar ya aika wa Alhaji Sale muryar nan da kuka ji. Ya sa Tanimu ya jingine keken a ƙofar su Godelieve da tayarsa a lanƙwashe, ba sallama ba bayani, ya kuma hana ni ko gaisuwa. Da yamma na ji ta a ƙofa tana kiran Hanna, Hanna, ga miya ta kawo wa mara lafiya. Ina tsaye a bayan ƙofar, hannuna a kan mariƙi, ban buɗe ba. Da safe na tarar da tukunyar a kan dakali ta yi sanyi ƙalau. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Haka muka yi kwana takwas. Ranar Asabar aka sallamo Achiel. Wajen azahar na fita bayan gida zubar da shara, sai na ji an ce Hanna a hankali. Mutumin da in ya yi magana har titi ake ji, ran nan da ƙyar na ji shi. Yana dogare da sanduna biyu, ya rame. Bai tambaye ni abin da ya sa aka jefar masa da keke a ƙofa ba. Cewa ya yi, wa ya shiga gareji ya ɗauko wannan. Na ce ni ce. Ya ce in zagayo. Na san Malam ya hana, amma na zagaya, Allah ya yafe mini. Ya nuna mini mai ƙyallin yana nan a rataye, ya ce in duba ƙarƙashin sirdi. Yaya, wata 'yar takarda ce ɗaure da zare, da rubutunsa na tsufa, sunan Malam ne a jiki.

Ya ce masu tseren taɓo ta hagu suke dirowa daga keke suna cikin gudu, hannun dama ya riga ya saki ƙaho zai saɓa keken a kafaɗa, saura na hagu kaɗai a kan birki. In na gaba ne a hagun, mutum zai kifa. Shi ya sa tsofaffin gwanaye irinsa suke sauya wayoyin, baya a hagu, gaba a dama, kuma haka ya ɗaura wa Veerle tun kekenta na farko. Ya ce kwana uku ya yi yana shiga gareji yana fitowa kafin ya iya kwance ɗaurin 'yarsa daga keke ɗaya, ya mayar da shi irin na kowa saboda Malam. Ya sa sababbin tayoyi, ya yi sabon naɗi, ya rataye shi a gaba yadda ko makaho zai san shi ne. Bai taɓa kawowa a ransa akwai mahalukin da za a ajiye wa mai kyau ya tsallake ya ɗauki mummuna ba. Ya tambaye ni dalili, ba da faɗa ba, shi dai yana so ya gane. Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara yi wa Bature bayanin kara.

Sannan ya juya wajen keken da aka mayar masa, ya sa yatsa ƙarƙashin sirdi ya shafa, ya duba yatsan. Ya sake shafawa ta wajen kaca. A lokacin na gane. Wannan shi ne keken da ta ƙarasa tserenta na ƙarshe a kai. Taɓon da na zauna na kankare da buroshi, shekara shida yana ajiye da shi.

Ina ta kuka, shi kuma yana cewa ya isa, ya isa. Ya ce in koma gida in ce wa mijina tsohon banza ne ya manta bai gyara birki ba, shi zai ɗauka, ai a shekarunsa mantuwa ba abin kunya ba ce, ba sai an sami matsala a gidana ba. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta so ta karɓa. Ba wanda ya san zancen 'yar takardar da ke ƙarƙashin sirdi sai ni da shi. Na shiga gida na yi alwala na yi salla, na daɗe a zaune a kan darduma. Na tuna zaurenmu na allo, da yadda aka karantar da mu haƙƙin maƙwabci tun ba mu san ma'anarsa ba. Mutumin da muka saka wa alheri da zargi, shi ne kuma zai ɗauki laifina ya ɗora a kansa? Na tashi na sami Malam a falo, na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga ƙofar gareji har takardar da ke ɗaure da zare.

Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya ce, yanzu mutum nawa ne suka ji muryar nan a gida. Na ce Allah kaɗai ya sani. Ya ce ni kuskure na yi, shi kuwa zalunci ya yi. Ya miƙe ya ce in yafa masa kwat a kafaɗa, hannunsa a rataye a wuya muka fita.

A gareji muka same su. Abin da ya fara ba ni mamaki, Godelieve tana ciki, tsaye tsakanin kekunan, tana riƙe da farin ƙahon nan. Ta ce da ta daure ta shigo tun ran nan da duk haka ba ta faru ba. Achiel ya dubi Malam sama da ƙasa, ya ce to madalla, ga mai hannu ɗaya ga mai ƙafa ɗaya, in aka haɗa su za a sami mahayi guda. Malam bai yi dariya ba. Ya tsaya ya faɗa masa duk abin da ya zarge shi da shi, bai rage ba, har da muryar da ya aika gida. Tsohon ya tambaya mutum nawa suka ji. Malam ya ce ba za su kasa arba'in ba. Achiel ya ce shi ke nan ya yi suna, ko Veerle da duk kofunanta ba a san ta a Afirka ba. Yana faɗa yana murmushi, amma sai da ya nemi kujera ya zauna. Ya ce abu ɗaya ne ya yi masa ciwo, da Malam ya zo har gadon asibiti ya zage shi ido da ido, da ya fi masa jingine keke a ƙofa kamar na wanda ba a sani ba. Malam ya ce gaskiyarsa ce, ya roƙe shi gafara. Godelieve kuma ta juyo kaina ta ce ita ba ruwanta da kekuna, tukunyarta take tambaya, ko an cinye miyar ko an zubar. Na ce na ɗuma na ci ina kuka. Ta ce to ai an ci.

Saura maganar taɓon. Na ce Achiel, wannan ba ni da abin da zan mayar maka da shi. Ya daɗe yana murza sandarsa. Sannan ya ce shekara ashirin yana tsaye a bakin fili cikin sanyi yana wanke wa yarinyar nan keke, kuma da ta ga ya bar mata shi da datti shekara shida da sai ƙauyen nan kaf ya ji muryarta. Ya ce shi ne ya kasa, ni na yi masa aikinsa. Ya ce a wajensu ba a barin bare ya wanke wa mai tsere keke, sai uba ko ɗan'uwa ko wanda ya zama na gida, don haka in sani na riga na shiga, ba fita. 

Kafin mu tafi ya ce a sake zaɓe, amma wannan karon Hanna ta koma bayan layi ta sa hannuwanta a aljihu. Malam ya taka ya kama mai farin ƙahon da hannunsa mai lafiya, ya ce wanda aka rubuta sunansa a jiki shi zai ɗauka, kuma ya gode. Likita ya ce sai bayan mako shida zai hau. Kullum da hantsi yanzu suna gareji su biyu suna ɗaura madugadi, ɗaya na riƙewa ɗaya na murɗawa, ina jiyo Achiel yana ce masa ko jaki ya fi shi iya riƙe sufana.

To Yaya, ga roƙona. Malam ya riga ya sake aika wa Alhaji Sale murya ya janye maganarsa, amma na lura ta farkon ta zaga gidaje, ta biyun kuwa ba wanda ya tura wa wani. Don Allah ki ɗauki takardar nan ki je gidan Alhaji Sale ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da kowa ke nan, ki sa a karanta ta da ƙarfi. Kada ki tsallake inda laifina yake don ki rufa mini asiri, na san halinki. Duk wanda ya ji an ce tsohon nan mugu ne, ina so ya ji cewa shi ne ya kwance ɗaurin 'yarsa da hannunsa saboda ɗan'uwansu.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, da Gwaggo Tasalla, da Kawu Ila da iyalinsa, da Hadiza da maigidanta da ɗan jaririnsu da ban gani ba tukuna. Ki gaishe da Lantana ta gidan ƙasa, ki ce ina nan da ita a raina. Malam yana gaishe ku, Zulai ma haka. Godelieve ta ga ina rubutu ta ce in gaishe da yayar nan tawa mai son cakulan. Achiel kuma ya ce in gaya wa mutum arba'in ɗin nan yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya zo ƙasar nan akwai sauran keke guda a gareji, amma shi zai zaɓa masa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Hansatu